Kilishina ya tsaya a bakin teku: yadda na koyi cefane a Faransa da fasfon Birtaniya

Shekara 17 na yi a Bristol. A can aka haifa mini yara biyu, a can na karɓi fasfon Birtaniya, har na saba da shan shayi da madara mai sanyi kamar an haife ni a kai. Da wurin aikinmu suka ce za su mai da ni Toulouse, a kudancin Faransa, a shekarar 2022, abin da ya cinye mana lokaci shi ne bizar dogon zama da makarantar yara da gidan haya. Ko sau ɗaya ban zauna na yi tunanin abin da za mu ci ba. A ganina wanda ya taso daga Kano ya iya zama da sanyin Ingila, wane baƙunci ne kuma ya rage da zai ba shi tsoro? Ashe da sauran karatu a gabana. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa da ke Ingila masu niyyar ƙetarowa, don kada a maimaita abin da ya faru da mu.

Kayan gida babbar mota ce ta ɗauka ta yi gaba. Tun da Birtaniya ta gama ficewa daga Tarayyar Turai, wato daga 1 ga Janairu 2021, mai ƙaura daga can baƙo ne a idon kwastam ɗin Faransa, daidai yake da wanda ya taso daga Legas. Idan kana so kayanka su shiga ba haraji, sai ka nuna ka zauna a wajen Tarayyar aƙalla wata 12, kayan kuma sun kai wata 6 a hannunka. Muka rubuta jerin kayan ɗaya bayan ɗaya da ƙimarsu, kwafi biyu, na sa hannu da kwanan wata, na cike fom ɗin da ake kira Cerfa 10070, na haɗa da takardar wurin aiki da ta gidan haya. Akwai sharaɗin da ya ce taba da giya ba sa cikin wannan rangwame. Na karanta shi na wuce. Mu kuma motarmu muka cika da abin da muka ɗauka shi ne guzurin makon farko. Uwargida ta yi kwana biyu tana dambun nama da naman sa da muka sayo wurin mahautan Stapleton Road. Akwai kilishi da wani Bahaushe ke yi a Landan, na sa aka aiko mini. Akwai cuku irin na Ingila da yara ke so, da bota, da ganyen shayi, da waken gwangwani, da biskit, da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, da zuma kwalba ɗaya, da dabino, da busasshen kifi. Har ragowar tumatir da tuffa da ke cikin firji ba mu bari ba.

Daga Portsmouth muka shiga jirgin ruwa da daddare, mu da motar. A cikin jirgin akwai kantin da ake sayar da kaya ba haraji, abin da ya dawo tsakanin Ingila da Faransa bayan ficewar. A nan zan faɗi abin da ba na alfahari da shi: ina shan taba, Allah Ya yaye mini. Na ga farashi ya faɗi, na ɗauki katan biyu, kara 400 ke nan. Lissafina shi ne kowane babba yana da izinin kara 200, mu kuma manya biyu ne. Ban shawarci uwargida ba, na dai cusa su ƙarƙashin kujera.

Da gari ya waye muka sauko, aka buga mana hatimi a fasfo ba wata matsala. Motoci da yawa suna ta wucewa ba a ko kalle su ba, mu kuwa da ganin yadda bayan motar ya zauna saboda kaya, wani jami'in kwastam ya ɗaga hannu ya nuna mana gefe. Ya gaishe mu da ladabi, ya tambaya da Turanci ko muna ɗauke da nama, ko madara da dangoginta, ko taba, ko giya. Na ce giya kam babu, sauran akwai kaɗan. Ya ce in buɗe but ɗin motar. Ya fara da robar dambun nama, ya buɗe, ya shinshina, ya tambaye ni mene ne. Na shiga yi masa bayani cewa dafaffe ne, soyayye ne, ya bushe ƙarau, ba abin da zai rayu a cikinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ko ɗanye, ko dafaffe, ko busasshe, in dai nama ne ba ya shiga. Kilishi ya bi bayansa, sannan cuku da bota, sannan tumatir da tuffa. Duk aka zuba su a wata babbar roba da ke gefe. Ban juya na kalli uwargida ba, amma ina jin shirunta a ƙeyata. Sai aka zo kan taba. Na ce ɗaya nawa ɗaya na matata. Ya leƙa ta taga ya tambaye ta ko tata ce. Ta ce ita ba ta taɓa sa taba a bakinta ba, ba ta ma san da ita a motar ba. Sannan ta juyo ta ce mini da Hausa, "Baban yara, ni za ka ɗora wa kayan nan? Wallahi ba da ni ba." Suka karɓe katan ɗaya suka bar mini ɗaya. Ba su ci ni tara ba, mai yiwuwa don da bakina na faɗa tun farko. Duka-duka minti arba'in muka yi a wurin, amma har muka kama babbar hanya ba wanda ya ce uffan.

Daga baya ne na zauna na karanta ƙa'idar da ya kamata in karanta tun a Bristol. Nama da madara da duk abin da aka yi da su ba sa shiga Tarayyar Turai a kayan matafiyi daga Birtaniya, ko da guntun burodi ne da yankan nama a ciki. An yi sassauci ga madarar gari ta jarirai da abincin jarirai da na masu larura, har kilo 2, in suna cikin mazubinsu na kanti. Zuma ma har kilo 2. Kifi, ɗanye ko busasshe ko mai ƙyafi, har kilo 20, shi ya sa namu ya tsira. Ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, ban da biyar: ayaba, kwakwa, abarba, dabino, da wani ɗan itacen Asiya da ake kira duriyan. Na yi dariya da na ga dabino a ciki, na ce ko ba komai an bar mana na buɗe-baki. Taba kara 200 ne ko gram 250 na wadda ake naɗawa, ga wanda ya kai shekara 17, kuma izinin na mutum ne shi kaɗai, ba a tara na iyali a ba mutum ɗaya. Sauran kayan sayayya, kamar su ganyen shayi da biskit da tsaraba, kada ƙimarsu ta wuce Yuro 430 in ta ruwa ko ta sama ka shigo, ko Yuro 300 in ta ƙasa ce.

Mun isa Toulouse daren Asabar 13 ga Agusta, a gajiye, cikin wani zafi da ya tuna mini Kano a watan Afrilu. Ranar Lahadi muka yi barci har hantsi, muka shiga kwance kaya, sai wajen ƙarfe uku na ce bari in fita in yi cefane. A Ingila manyan kantuna suna buɗewa awa shida ranar Lahadi, yawanci har ƙarfe huɗu ko biyar, don haka ban ga abin gaggawa ba. Na tarar da filin ajiye motoci fayau, ƙofa a garƙame. Na je na biyu, haka. A nan doka ta ba kantunan abinci damar sa ma'aikata aiki ranar Lahadi zuwa ƙarfe ɗaya na rana ne kawai, da yawansu ma tun sha biyu da rabi suke rufewa. Na ce to gobe Litinin. Ashe Litinin ɗin 15 ga Agusta ce, ranar hutun ƙasa baki ɗaya. Gidan burodin unguwarmu kuwa takarda na gani manne a ƙofa, sun tafi hutun shekara sai ƙarshen wata, wanda haka ƙananan shaguna da yawa suke yi a watan Agusta. Kwana biyun nan waken gwangwani da biskit da dabino muka ci, da ɗan abin da na samo a shagon gidan mai da tsada. Duk cokalin da aka kai baki sai an tuna da dambun nan.

Ranar Talata na shiga babban kanti da niyyar ramuwa, a ranar kuma na yi yawancin kurakuraina. Kekunan zuba kaya a ɗaure suke da sarƙa, sai ka sa kwabon Yuro 1 sannan ɗaya ya saku, ni kuma ba ni da ko sisi sai kati. Wata tsohuwa ce ta ga ina ta dube-dube ta miƙo mini wani ɗan faifan roba da ke yin aikin kwabon. Na ɗebi albasa da tumatir da dankali, na yi layi, da aka zo kaina mai karɓar kuɗi ta ɗaga ledar tana juyawa tana neman takardar farashi. A wannan kantin kai ne za ka ɗora a sikeli, ka danna hoton abin da ka ɗauka, ya fito maka da takarda ka manna. Na koma da gudu, layi na jirana, ba wanda ya ce komai amma fuskoki sun faɗa. Jakar zuba kaya ma sai ka saya, ledar nan mara kauri an hana ba da ita a wurin biya tun 2016. Mutanen Toulouse kuma ba sa ce wa jaka sac kamar yadda na koya a littafi, poche suke cewa, kalmar da a sauran Faransa take nufin aljihu. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne gaisuwa. Idan ba ka fara da bonjour ba, ko mai shago ko mai karɓar kuɗi kallon marar tarbiyya zai yi maka. Wannan kam bai yi mini wuya ba, Bahaushe ba a koya masa gaisuwa, Ingila ce ta so ta mantar da ni.

Madara ta ba ni wahala fiye da yadda ta cancanta. Na yi ta zagaya firji ina nema, ashe yawancinta a kan kanta take cikin kwali, irin wadda aka dafa da zafi sosai take wata da watanni ba ta lalace ba. Ta firji ɗan lungu guda gare ta, an rubuta lait frais. Sannan launin murfi a juye yake. A Ingila shuɗi shi ne mai cikakken maiƙo, kore rabi, ja wadda aka tsame mata mai. A Faransa ja ne mai cikakken maiƙo, shuɗi rabi, kore tsamammiya. Mako guda yara suna cewa madarar Faransa ruwa ce kafin in gano laifina ne. Fulawa kuma da lamba ake sayar da ita, T45 da T55 da sauransu, ƙaramar lamba ita ce mafi fari da laushi. Ganyen shayi irin wanda muka saba yana wani ɗan shiryayye na kayan ƙasashen waje, kusa da waken gwangwani, farashinsa kusan ninki biyu na Bristol. Na tsaya gabansa ina mamakin kaina, wai yau ni ne nake kewar abincin Turawan Ingila.

Ga Musulmi akwai kalmomin da dole ya haddace kafin ya ɗauki komai: porc, jambon, lardons, saindoux wato kitsen alade, da gélatine, wanda in ba a bayyana na mene ne ba gara ka ajiye. 'Yan yankan naman aladen nan suna shiga cikin abubuwan da ba ka zata ba, har da haɗin ganye da wasu nau'o'in burodi. Wajen abin sha kuma saura kaɗan in kai wa yara panaché, don gwangwaninsa da hoton lemon tsami a jiki, ashe giya ce aka sirka da lemo. Sai da na juya bayansa na ga adadin barasar. Abin da yara suka koma sha shi ne sirop, ruwan zaƙi mai kauri da ake sirkawa da ruwa. Kada kuma ka nemi maganin ciwon kai a kanti kamar yadda ake ɗaukar farasitamol a kantunan Ingila. A nan sai kantin magani mai koren gicciye, can ma yana bayan kanta, sai ka tambaya.

Da katan ɗina ya ƙare na koma babban kantin nan ina neman inda ake sayar da taba, wurin da aka saba gani kusa da ƙofa a Ingila. Babu. Na tambayi mai gadi, ya nuna mini tsallaken titi. A Faransa galibi ba a sayar da taba sai a shagunan da ake kira tabac, waɗanda hukumar kwastam ke ba izini, alamarsu wani jan abu mai tsini sama da ƙasa da suke kira carotte. Farashin kowace iri ɗaya ne a kowane shago, don haka yawon neman sauƙi ɓata takalmi ne. Kwalayen duk launi guda ne mai duhu da hotunan cututtuka tun 2017, sai ka faɗi sunan wadda kake so a ɗauko maka. A lokacin kwali ɗaya Yuro 10 da ɗoriya ne, yanzu ya haura 12. Saye ta intanet haramun ne a doka, ko daga wace ƙasa. Wani abokin aikina ya taɓa ja na zuwa Pas de la Case a Andora, tafiyar kamar awa biyu da rabi a kan duwatsu, inda mutanen Toulouse ke zuwa sayen taba da giya da sukari saboda ƙarancin haraji. Andora ba ta cikin Tarayyar Turai, izinin dawowa da taba daga can kara 300 ne ga mutum, kwastam kuma suna tsayawa a hanya. Da na lissafa kuɗin mai da yinin da na kashe, ban sake komawa ba. Tun 29 ga Yuni 2025 ma an hana shan ta a wuraren shaƙatawa da bakin teku da rumfunan jiran bas da kewayen makarantu, tarar Yuro 135.

Hankalinmu bai kwanta ba sai da na gano unguwar Arnaud-Bernard. A can mahautan halal suke, yawancinsu 'yan arewacin Afirka, ga shagunan kayan ƙamshi. Kusa da nan, a kan titin Strasbourg, ana cin kasuwar kayan lambu ta Cristal kowace safiya ban da Litinin, kuma in rana ta kusa tsakiya masu kaya suna karya farashi don su tashi. A wani shagon kayan Afirka ina ta fama da guntun Faransancina ina kwatanta kuka, sai na ji an ce daga bayana, "Yaro, kuka kake nema?" Wani dattijo ne mutumin Damagaram, ya fi shekara 30 a ƙasar. Na rusuna na ce, "Baba, ina wuni, ashe da namu a nan." Shi ya ɗauko mini wata leda da aka rubuta lalo a jiki. Na ce ai ba lalo nake so ba. Ya yi dariya ya ce mutanen Senegal kuka suke kira lalo, ba ganyen da muka sani ba. A tsaye a wurin ya karantar da ni sauran: kuɓewa gombo, daddawa soumbala, zoɓo bissap, gero mil, doya igname. Ya ce in ina son abin da babu a nan, sai ranar da na je Paris in sauka a Château Rouge, unguwar da ake sayar da kayan Afirka. Ranar nan aka yi tuwo da miyar kuka a gidanmu, aka kuma daina ambaton dambu.

Na gwada hanyar gidan waya sau ɗaya. Wata maƙwabciyarmu ta Bristol ta aiko mana da ganyen shayi da biskit da alewar yara. Kyauta tsakanin mutum da mutum ba a biyan komai in ƙimarta ba ta wuce Yuro 45 ba, amma ita saboda kirki ta cika kwalin, ta kuma rubuta gaskiyar kuɗin a takardar kwastam. Ya yi kusan mako uku a hanya, da ya iso sai da na biya haraji da ladan masu kawowa kafin a miƙo mini. Dokar nama da madara tana aiki a kan saƙon gidan waya kamar yadda take aiki a kan but ɗin mota.

Komawa Ingila hutu ma da nata ƙa'idar. Taba kara 200 ce nan ma, sauran kaya har Fam 390. Izinin giya kuwa mai yawa ne, lita 18 ta inabi, kwalba 24 ke nan, da lita 42 ta sha'ir. Shi ya sa da wani Bature abokin aikina ya ji da mota zan tafi, ya roƙe ni in kai wa ɗan'uwansa kwali biyu, zai biya. Na ce masa addinina bai yarda in ɗauka ba, dokarsu ma ba ta yarda ba, don izinin na abin da za ka yi amfani da shi ne ko ka bayar kyauta, ba na wanda aka biya ka ka ɗauko ba. Bai ji haushi ba. Daga 12 ga Afrilu 2025 kuma Birtaniya ta hana matafiya shigar da naman shanu da tumaki da awaki da alade da kayan madara daga Tarayyar Turai saboda ciwon baki da kofato na dabbobi, tara tana iya kaiwa Fam 5,000. A hutun 2025 ɗin cukun da muka saba kai wa maƙwabciyar nan sai haƙuri muka ba ta.

Wanda zai taso, shawarata ya buɗe shafin kwastam na ƙasar da zai shiga a makon tafiyar, ba wata guda kafin nan ba, don dokokin nan suna sauyawa. Kada ya sa nama ko cuku a mota ko da an ce masa wane ya wuce da shi ba a duba ba. In an tambaye shi ya faɗi abin da ke ciki. Ya dubi kalanda kada ya sauka daren Asabar ko jajibirin hutu, in kuwa dole ne to ya tsaya a babban kanti a hanya ya yi cefanen kwana uku. Ya riƙe kwabon Yuro 1 da jakunkuna a mota. In yana biya da katin bankin Ingila na'ura ta tambaye shi Fam ko Yuro, ya zaɓi Yuro, canjin na'urar ya fi tsada. In wurin aikinsa suna ba da katin abincin ma'aikata, ya karɓa, ana cefane da shi a kanti har Yuro 25 a rana, ni sai da na yi wata huɗu kafin in sani. Yanzu in mun dawo daga Bristol ganyen shayi ne da biskit da busasshen kifi a but. Dambu kuwa a nan Toulouse uwargida take yi da naman Arnaud-Bernard, kuma har yau ita ke leƙa ƙarƙashin kujera kafin mu shiga jirgi.